Lottie Sobczak da Mai Sayen Jirgi

Lottie Sobczak ta fi shekara talatin tana zaune a gidan da ke kallon namu a Erie, wani gari na bakin tafki a Amurka. Kafin muryarta ta shiga garuruwan da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba, mu 'yan layi abin da muka san ta da shi shi ne shanyar wanki ranar Litinin ko da ƙanƙara ake zubawa, da kuma cewa ita ce matar Chet.

Chet ne bakin gidan. A masana'antar ƙera kawunan jirgin ƙasa ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma in ya tare ka a bakin shinge, to ka haƙura da abin da ka ɗora a wuta. Ita kuwa Lottie sai dai ta tsaya a bayansa tana goge hannu da tawul tana murmushi. Da ƙuruciyarta ta yi ɗinkin wuyan riga a wani kamfani, da aka rufe shi ta dawo gida ba ta sake fita ba, in ba coci ko kasuwa ba. Ɗansu ɗaya, Dennis, ya yi karatu ya tafi can Phoenix, gari mai nisa a cikin hamada, ya zauna.

A watan Maris na 1993 Chet ya fita kwashe ƙanƙara daga ƙofar gareji, zuciya ta buga, ya faɗi da shebur a hannu. Dennis ya zo jana'iza, ya kwana biyu, kafin ya koma ya ce mata lallai ta sayar da jirgin kamun kifin uban, wani ƙaramin jirgin gwangwani mai inji a baya, wanda ke zaune kan tirela a gefen gida. Sai da rani ya shigo ta iya kai tallan jarida.

Wata ranar Juma'a da rana ina wanke kwanuka na hango ta daga taga. Ta fito ta ƙofar gefe, kan waya a kunne, igiyar ta miƙe har ta kusa tsinkewa, ɗaya hannun kuma riƙe da ludayi. Ta miƙa hannu iya tsawonsa ta shiga ƙwanƙwasa cikin jirgin. Na kira mijina Hank na ce zo ka gani, Lottie ta fara taɓuwa. Abin da ake faɗa a wayar ban ji shi ba sai bayan watanni, a kaset.

Muryar wani tsoho ce, a shaƙe, yana ihu kamar mai kiran wanda ke ƙetaren tafki.

"Halo! Nan ne ake sayar da jirgi?"

"Nan ne, Mista."

"Me? Ɗaga murya, 'yar nan! Kunnena na hagu ya yi ritaya tun zamanin yaƙi, na daman kuma yau ba ya aiki. Sunana Orville Dunkle. Yana yoyo?"

"Ba ya yoyo. Mijina bai taɓa bari..."

"Mijinki ne ke yoyo?"

"Jirgin, Mista Dunkle! Jirgin ba ya yoyo. Mijina ya rasu."

"Ayya. To ai shi ma ya daina."

Lottie ta ce, "Haka ne."

Ya ce mata ba don kifi yake son jirgin ba. Yana da jimina mai suna Gladys, likita ya ce iskar ruwa take buƙata. Da wani ne ya ji haka, da ya kashe waya. Lottie sai ta tambaya ko tsuntsuwar ta iya zama wuri ɗaya, don in ta miƙe tsaye jirgin zai karkata, kuma rigar ruwan da Chet ya bari ba ta jin za ta shige ta. Ya ce shi ba ya sayen jirgi sai ya ji muryarsa, ta je ta ƙwanƙwasa masa. Ta je. Ya ce ta tayar da injin. Ta ce ba ta iya ba, Chet ne ke yi.

"To yi min da baki."

"Da baki?"

"Yo da me? Da kunne?"

Sai ta gyara murya. "In ya kwana biyu ba a tayar ba, sai ya yi tari tukuna," in ji ta. Ta yi tarin, sannan ta kama: "Burrr, burrr, tuf-tuf-tuf-tuf," tana ƙara gudu har numfashinta ya ƙare.

Can wajen ƙarshe tsohon ya ce shi ma matarsa ta rasu. Lottie ta ce, "Yaushe?" Daga nan ta shiga ba shi labarin Chet, da shebur ɗin, da yadda har yanzu take dafa abincin mutum biyu. Ya ce zai zo ranar Asabar ya ga jirgi.

Ranar Asabar ta ƙetaro ta roƙe ni in zauna da ita, tunda baƙon namiji ne. Ta yi pirogi, ƙullin fulawar nan da ake cusa wa dankali da cuku, ta gasa kek, ta sa rigar zuwa coci. Muka zauna a baranda muna kallon kowace mota da ta shigo layi. Da rana ta karkata na ce zan je in ba Hank abinci. Ta cika min faranti ta ce in kai masa, kada ya lalace.

Ranar Litinin Mista Dunkle ya bugo ya ba da haƙuri, wai Gladys ce ta haɗiye makullin mota, suna jiran ya fito.

Na ce mata, "Lottie, mutumin nan ko dai ba shi da cikakken hankali, ko wasa yake da ke."

Ta ce, "Tsoho ne shi kaɗai a gida da tsuntsuwa, Rita. Ke mai miji da jikoki ba za ki gane ba."

A watan Yuli wani mutum ya zo daga Ohio da motarsa a shirye ya ja jirgin, ta ce masa ya yi haƙuri, ta riga ta yi wa wani alkawari.

Duk ranin nan Mista Dunkle yana bugowa, yawanci ranar Juma'a bayan abincin rana. Tun safe take gama aikinta, ta gyara gashi, ta jawo kujera kusa da waya. Takan ba ni labari daga baya. Maganar jirgi ta fara raguwa. Takan tambaye shi abin da ya ci, ta koya masa yadda ake dafa kabeji ba ya ɗaci, ta yi masa faɗa kan wani tari da take ji a muryarsa. Shi kuma ya saurara, wani lokacin har ya manta cewa kurma ne.

A watan Oktoba muna tsakar gidanta muna lulluɓe furanninta kafin sanyi, wata tsohuwar mota ta tsaya. Wani dogon saurayi siriri ya fito, bai kai talatin ba, sanye da rigar aikin shagon taya. Ya tsaya yana murza hula a hannu. Ya ce sunansa Neil Marsico. Ya ce shi da wani abokinsa suna buga wa mutane wayar tsokana su naɗa a kaset don nishaɗi, kaset ɗin ya bi hannu-hannu har Cleveland da Pittsburgh, yanzu wani ƙaramin kamfanin faifai yana so ya buga shi a sayar, amma sai waɗanda ke ciki sun yarda.

Lottie ba ta gane ba. Ta ce, "Kai ɗan Mista Dunkle ne? Wani abu ya same shi?"

Saurayin ya dubi ƙasa. Sannan ya ƙanƙance wuya, bakinsa ya karkace, tsohuwar muryar nan ta fito daga ƙirjinsa: "Ɗaga murya, 'yar nan."

Lottie ta zauna a kan matakala, safar aikin lambu na hannunta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Gladys fa?"

"Babu Gladys, Misis Sobczak."

"Matarka da ta rasu?"

"Ban taɓa aure ba."

Ni kuwa na riga na ɗauko manjagara. Na ce, "Ɗan iska marar kunya, ka bar gidan nan kafin in fasa maka kai!"

"Bar shi, Rita," in ji Lottie. Ta juya gare shi. "Tarin fa? Shi ma na ƙarya ne?"

"A'a, wannan nawa ne. Taba ce."

"To ka daina. Dube ka kamar tsinke. Shigo."

Ta zuba masa miya, ya ci kansa a sunkuye. Ya ɗora rikoda a kan tebur ya kunna. Da aka zo wajen ludayi Lottie ta rufe baki da tawul, kafaɗunta na rawa, da aka zo tarin inji kuwa sai da ta yi hawaye don dariya. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan dariyar ba, ko lokacin Chet. Amma da muryarta ta fara labarin shebur, ta miƙa yatsa ta danne rikodar da kanta.

"Wannan ba na sayarwa ba ne," in ji ta. "Sauran ka ɗauka."

Ya yanke shi kuwa. Wayoyin da suka biyo baya ya ce bai naɗa ba, ban sani ba ko gaskiya ne, amma ba a taɓa jin su a ko'ina ba. Da na raka shi mota na tambaye shi, tunda ya samu abin da yake so tun ranar farko, me ya sa ya ci gaba da bugowa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kowa zagina yake yi ya kashe. Ita kaɗai ce ta taɓa tambayata ko na ci abinci."

Faifan ya fito a bazarar 1994, da hoton jimina zaune a jirgi a jikin kwalin. Akwai mai shagon katifa da ya yi ta ashar, da wani mai gyaran famfo da ya rantse zai nemo Mista Dunkle ya karya shi, amma na Lottie ne gidajen rediyo suka ɗauka suna sakawa da safe lokacin tafiya aiki. Ba a rubuta sunanta ba, sai dai ta faɗe shi da bakinta a cikin hirar, ta faɗi layinmu, lambarta kuma tana littafin waya kamar ta kowa.

Wayar ta fara ƙara ba ta tsaya ba. 'Yan jami'a, direbobin manyan motoci, sojoji daga bariki, 'yan mata masu aikin kanti lokacin hutun cin abinci. Kowa da muryar Mista Dunkle yake farawa, yana tambayar ko jirgi yana yoyo. Lottie takan bari ya gama, sannan ta ce, "To, na ji, ka iya. Yanzu gaya min sunanka na gaskiya." Da yawa su kashe. Wasu su faɗi maganar banza, ita ta kashe. Amma akwai waɗanda suke faɗin sunan, kuma sai hira ta ɓarke. Akwai wani direba da ke bugowa duk inda ya tsaya shan mai, ya gaya mata garin da yake da abin da ya ɗauko. Akwai wata yarinya a Nebraska da ta yi ciki tana tsoron gaya wa iyayenta, Lottie ta yi ta fama da ita har ta gaya musu, daga baya ta bugo ta ce namiji ne.

A shekarar nan Lottie ta yi ƙiba, ta sayi jan baki. In ta shiga kasuwa wani ya yi mata "tuf-tuf-tuf" daga bayan kantar gwangwanaye, sai ta juya ta ce, "Ba haka ba ne, ka manta tarin." Neil yakan zo wasu Lahadin ya ci abinci, ya share mata magudanar rufi.

Ba ta gaya wa Dennis ba. A wajen walimar Kirsimeti ta ofishinsu wani ya kunna faifan, ɗaki ya kaure da dariya, shi yana tsaye da kofi a hannu yana jin uwarsa tana kukan inji. A watan Janairu ya iso. Ina kicin ɗinta na kai mata burodi lokacin da ya fara, kuma bai damu da ina nan ba.

"Mama, dariya suke miki! Ƙasar nan gaba ɗaya!"

"Na sani, Dennis. Ai da ni ake yi."

"Ba da ke ake yi ba, Mama, ke ake yi wa. Wani ɗan tasha ya mai da ke abin wasa, Baba ko wata uku bai yi a ƙasa ba. Kuma kowane mahaukaci a Amurka ya san layin da kike, ya san ke kaɗai ce a gida."

Ta shiga gyara gefen ledar tebur. Can ta ce, "Suna dai kira."

Kunnuwan Dennis suka yi ja. Ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita, na ga ya daɗe a tsaye a gareji.

Ba mugun yaro ba ne, kuma maganarsa ta biyu gaskiya ce, ni ma na sha tunaninta. Kafin ya koma ya sa kamfanin waya sun sauya lambar sun cire ta daga littafi. Ya sa lauya ya yi wa masu faifan magana, suka cire nata daga bugu na gaba. Ya kira dillali ya ja jirgin. Ya sauya makullan ƙofa, ya gyara tukunyar ɗumama gida, ya yi alkawarin bugowa kowace Lahadi, ya kuma cika har wajen bikin Ista, watanni kaɗan kenan.

Lottie ta ba Neil sabuwar lambar a ɓoye. Lokacin ya riga ya bar shagon taya ya tafi Los Angeles neman sa'a. Ya bugo 'yan lokuta da muryarsa ta gaskiya, amma ta ce min da ita ba shi da abin faɗa, sai zafin rana da cunkoson motoci. Faifansa na biyu bai yi kasuwa ba. Wayoyi sun fara nuna lambar mai kira, mutane sun daina ɗauka in ba su san ka ba. Daga nan ta daina jinsa. Direban nan da yarinyar Nebraska kuwa, ita ba ta taɓa karɓar lambar kowa ba, don ba ta taɓa zaton za ta buƙata ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari mai yawa. Ƙawayenta na coci wasu suka mutu, wasu 'ya'yansu suka kwashe su zuwa Florida. Ta koma dafa ɗan kaɗan, ta rame. Nakan shiga kullum in na samu sarari, amma Hank ya kwanta ciwon suga, jikoki kuma ana kawo min su. Wani lokacin sai ta ƙetaro, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, ta ce, "Rita, in kin samu dama ki bugo min, ina so in ga ko wayar nan tana aiki." Sai in jira ta koma in buga. Kafin ƙarar farko ta ƙare ta ɗauka. "Tana aiki," in ji ta. Sai mu yi hira, ina hango ta ta taga.

A sanyin 2001 ta zame a kan matakala ta karya ƙugu. Dennis ya zo ya tafi da ita Phoenix, ya sa ta a gidan kula da tsofaffi kusa da shi, ya sayar da gidan. Yana zuwa dubata, wannan ba za a hana shi ba. Ni kuma nakan buga mata ranar Lahadi bayan coci. Ta ce wurin da tsabta, abincin ba gishiri, sama kullum kala ɗaya, kuma in ka leƙa taga babu ruwa ko na wanke hannu.

Wata Lahadi na ji muryarta ba daɗi. Ta ce ta gaya wa wata nas cewa ita fa an taɓa saka ta a rediyo daga New York har California, mutane suna bugo mata daga ko'ina. Nas ɗin ta shafa mata kafaɗa ta ce, "Ƙwarai kuwa, Mama, sha maganinki." Washegari likita ya zo yana tambayarta wace shekara ake ciki da sunan shugaban ƙasa.

Raina ya ɓaci. Na tono kaset ɗinmu na bugun farko na aika mata. Sai da aka yi cigiyar rikoda kafin aka samu wata a ɗakin ajiya. Suka kunna a ɗakin cin abinci bayan abincin rana. Ta ce nas ɗin ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta zo ta rungume ta. Tsofaffin kuwa rabi ba sa ji, rabi sun yi barci. Wani tsoho da ke kusa da ita ya saurara har ƙarshe da fuska a murtuke, sannan ya juyo ya tambaye ta ko mutumin ya zo ya saya.

"Me kika ce masa?" na tambaya.

"Na ce yana hanya."

Ta rasu a watan Fabrairu na 2003. Dennis ya kawo ta gida aka binne ta kusa da Chet. Ranar an zuba ƙanƙara sosai, daga shi sai ni, sai Fada mai jan addu'a, sai mata biyu daga coci. Hank bai iya fitowa ba. Neil bai zo ba, ba na kuma jin ya samu labari. An ce ya dawo Cleveland yana karanta tallace-tallace a rediyo, ya yi aure.

Gidan yanzu wasu 'yan Bosniya ne a ciki, mata da miji da 'ya'ya huɗu. Sun yi masa koren fenti, sun cire furannin sun shuka barkono da tumatir. In mun haɗu da matar wajen fitar da shara takan ɗaga min hannu, wani lokacin ta aiko min da burodinsu mai nama a ciki. Ta taɓa tambayata wace ce ta zauna a gidan kafin su. Na ce wata mata ce mai kirki, mijinta ya riga ta. Sauran ban faɗa ba, Turancinta bai kai nan ba tukuna.